Matattarar Keke A Unguwa: A Fara Da Mai Faci Da Inuwa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin fita daga gida ya sauya wa kowa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Malamin firamare, da ɗalibi, da yaron shago a Kantin Kwari, duk sun koma ƙirga sau nawa za su hau adaidaita sahu a mako. Da yawa sun ciro kekunan da suka jingine a soro shekaru, suka kakkaɓe ƙura, suka kai gyara.

Sai dai Kanon da kekunan nan suka fito suka tarar ta sauya. A 'yan shekarun nan an gina gadar sama a Ƙofar Nasarawa, da ta Sabon Gari, da ta Dangi, da ta Hotoro, kuma dukkansu mai mota aka yi wa. Mai keke da mai tafiya a ƙasa suna raɓawa ne a gefe kamar baƙi. Wannan ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu tattauna wani abu ƙarami mai araha, wanda zan kira matattarar keke: wuri guda a cikin unguwa inda mutum zai ajiye kekensa cikin aminci, ya gyara shi, ya yi haya in ba shi da nasa, yaro kuma ya koyi tuƙi da dokar hanya.

Idan aka ambaci irin wannan wuri, masana tsara birane sukan kawo misalin Utrecht a ƙasar Holan, inda aka kammala wurin ajiye kekuna 12,500 a tashar jirgin ƙasa a 2019. Abin sha'awa ne, amma ina jin tsoron misalin, domin na san abin da yake haifarwa a wurinmu: kwangila, katafaren gini mai gilashi, yanka ƙyalle, sannan kwaɗo a ƙofa bayan wata shida. Misalin da ya fi amfanarmu yana cikin tarihinmu. Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Zariya ya san mai hayar keke, wanda yake jera kekunansa a bakin layi, yara suna biya suna zagaye unguwa, yana duba agogo. Ya san mai faci a gindin darbejiya da kwanon ruwansa na gano inda tub ya huje. Kamfanin Raleigh ma a Kano ya kafa masana'antarsa ta haɗa kekuna. Abin da ake nema shi ne a tattara waɗannan sana'o'i da muka sani wuri guda, a ba su mazauni da hukuma ta yarda da shi.

Don haka ni da za a tambaye ni, da mai gyara zan fara. Shi ne zuciyar wurin. Matattarar da ba ta da mutumin da yake zaune cikinta daga safe har magariba, rumfa ce kawai da za ta zama makwancin awaki. A nemo mai facin da ya riga ya kafu a unguwar, wanda kowa ya san shi kuma ya san kowa, a ba shi ɗaki da kayan aiki ba tare da kuɗin haya ba, bisa sharaɗin ya kula da wurin, ya kuma ɗauki yara biyu ko uku yana koya musu. A ajiye famfon iska da 'yan sifanu ɗaure da sarƙa a waje, wanda duk mai wucewa zai yi amfani da su kyauta. Wani zai ce hakan zai rage masa ciniki. Ban yarda ba. Wanda ya tsaya ƙara iska yau, shi ne zai dawo gobe a canza masa birki.

Sai tsoron sata, wanda a ganina ya fi zafin rana hana mutane hawa keke. Mutum ba zai tafi kasuwa ko asibiti a kan keke ba matuƙar bai san inda zai bar shi ba. A nan ma ba sai mun yi aron hikima ba, domin a bakin manyan kasuwanninmu akwai masu ajiye babura, suna ba da lamba suna karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A yi wa keke irin wannan, da ƙarfen jingina da aka dasa cikin siminti, wanda zai ba da damar a ɗaure jikin keken kansa da sarƙa. Irin ƙarfen nan da yake riƙe tayar gaba kaɗai ba shi da amfani, yana lanƙwasa taya, ɓarawo kuma ya kwance ta ya tafi da sauran. Filin da mota guda take cinyewa yakan ɗauki kekuna takwas zuwa goma, saboda haka ba wani fili mai yawa ake nema ba.

Yanayinmu shi zai tsara siffar ginin. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a Kano, kuma taya da sirdi ba sa jure kwana a rana. Rufin kwano tsirara tanda ne. A yi rumfa mai tsayi, a buɗe gefunanta iska ta ratsa, a dasa itatuwa tun kafin a aza tubali, a ɗaga daɓen sama da bakin kwata saboda ambaliyar Agusta. A sa randa ko famfo, da buta, da ɗan kewaye inda ma'aikaci zai watsa ruwa ya sauya riga kafin ya shiga ofis. Wannan na ƙarshe yana iya zama abin dariya ga wanda bai taɓa isa wurin aiki jiƙe da gumi ba. A sa benci kuma. Inda akwai inuwa da benci mai shayi zai zo, dattawa za su zauna, idanu za su yi yawa, kuma yawan idanu ya fi maigadi tsare dukiya.

Akwai batun mata, wanda ake yawan tsallakewa. A Tamale ta arewacin Gana, inda aka keɓe wa kekuna hanya a gefen manyan tituna, da Wagadugu ta Burkina Faso, mace a kan keke da kayanta ba abin kallo ba ne. A wurinmu yarinya takan hau tana ƙarama, ta daina da zarar ta fara girma. Ba na tsammanin gini zai sauya wannan dare ɗaya, kuma ba aikin mai zane ba ne ya yi wa al'umma wa'azi. Abin da zai iya shi ne kada ya toshe ƙofa: ya bar fili mai katanga a baya, a ware wasu sa'o'i ga mata da 'yan mata da mace mai koyarwa, a sayi wasu kekunan haya marasa sandar tsakiya da suka dace da doguwar sutura. Sauran ya rage ga iyalai.

Duk wannan zai tashi a banza idan titin da ke gaban matattarar ya ci gaba da cin rayuka. Tsofaffi suna tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau keke, har wata mota ta ture shi cikin kwata a Abuja a 2001. Mutane sun yi dariya, amma darasin a fili yake: an yi kira, ba a gyara hanya ba. Maiduguri ta nuna ɗaya gefen. Da aka hana babura a can a 2011 saboda tsaro, keke ya cika gari, ma'aikaci da ɗan kasuwa duka, abin da ya nuna cewa ƙyamar da ake cewa muna yi wa keke ba ta da zurfi. Don haka duk inda aka kafa matattara, a ɗauki titunan da ke kewaye da ita a matsayin ɓangaren aikin. A rufe kwatocin da suke buɗe da murfin siminti, wanda nan take zai samar da hanyar masu tafiya a ƙasa. A sa tudun rage gudu da fitilu, a tsayar da gudun mota a kilomita 30 a sa'a kusa da makaranta da kasuwa, a sama wa masu kasa kaya wuri cikin tsarin maimakon a kore su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Wanda yake tafiyar rubu'in sa'a zuwa aiki da rubu'in sa'a dawowa, kwana biyar, ya cika wannan ba tare da ya sayi takalmin wasanni ba.

Kano ta fi birane da yawa dacewa da wannan. Ban da Dala da Gwauron Dutse, shimfiɗaɗɗen gari ne. Lungunan cikin birni kuwa tun asali da ƙafa da jaki aka tsara su, mota ce baƙuwa a cikinsu.

Da ni ke da zaɓi, da tsakanin tsohuwar Jami'ar Bayero da sabuwa zan gwada, matattara guda a kowace ƙofa, domin a can akwai dubban matasa da suke bin hanya guda kullum, kuma katin shaidar ɗalibi ya isa jingina ga mai haya. Fili daga jami'a, izinin gini daga KNUPDA, kula da gudun motoci a titin Gwarzo daga KAROTA, gudanarwa kuma a hannun kwamitin da ya haɗa ɗalibai da masu gyara da mai unguwa. A ƙirga kekunan da suke bin hanyar kafin a fara, a sake ƙirgawa bayan zangon karatu biyu, a buga alƙaluman a jarida kafin a ware kuɗin matattara ta uku.