Mene Ne Bugun Zane da Ake Gwanjonsa?

Bugun zane hoto ne da mai zane ya tsara a kan faranti, dutse ko ƙyalle, aka buga shi da tawada a takarda, kwafi ƙididdigaggu. Misali, mai zane Andy Warhol, ɗan Amurka, ya fitar da hotunan jarumar fim Marilyn Monroe kala goma a 1967, kowanne kwafi 250, da sa hannunsa da lambar kwafin a bayan takardar.

A gidajen gwanjo irin su Christie's da Sotheby's, ƙwararru kan duba takardar sosai. Rana ta koɗar da launin? An datse gefe? Ko ɗaya daga ciki kan karya farashi. Mai saye yakan biya kamasho bisa kuɗin da ya taya, mai sayarwa ma a cire masa nasa. Masu tara zane da ba su iya sayen zanen fenti sukan fara daga bugun zane.