Yadda Ake Sa Hoto Ya Yi Motsi

Yara, ko kun taɓa ganin an ɗauki kara mai wuta a baki da dare, an wulwula shi da sauri? Abin da ido ke gani shi ne zoben wuta, ja wur. Alhali kuwa babu wani zobe, ɗan garwashi ne guda ɗaya ke zagawa. Idan abu ya cika saurin sake wuri, ido ba ya iya rarrabe nan da can, sai ya haɗa su wuri ɗaya.

Da wannan hali na ido masu majigi suka sami dabararsu. Sukan jera hotuna masu yawa, kowanne ya ɗan bambanta da na gabansa, sa'an nan su nuna guda 24 a cikin sakan ɗaya. Mai kallo sai ya ga doki yana sukuwa, nan kuwa ko wane hoto a tsaye yake cik. Haka kwamfuta ke yi. Takan zana hoto, ta shafe, ta sake zana shi gaba kaɗan, sau da yawa kafin ƙiftawa da bisimilla.

To, da me take zanen? Fuskar kwamfuta cike take da ɗigo-ɗigo ƙanana ƙwarai, jere layi-layi kamar shuka a gona. A cikin kowane ɗigo akwai haske iri uku: ja, da kore, da shuɗi. Yawanci akan auna ƙarfin kowane haske da lamba, daga 0 zuwa 255. In an kashe duka ukun, ɗigon ya zama baƙi. In an kai su duka 255, ya zama fari fat. Ja da kore in sun haɗu su ba da rawaya. Kada ku yi mamaki, gama haɗin haske dabam yake da haɗin ruwan rini. Ashe ke nan, a wurin kwamfuta launi lamba ne, wuri ma lamba ne.

Amma duk da saurinta, kwamfuta ba ta da wayon kanta. Sai mutum ya shirya mata umarni bi da bi, ta bi. Wannan jerin umarni shi ake kira firogiram. A da yawanci aikin manyan masana ne. A shekarar 1967 wani malamin lissafi, Seymour Papert, da abokan aikinsa a Amurka suka ƙago wa yara wata hanya mai suna Logo. Daga baya aka sa mata ɗan kunkuru wanda ake ba umarni yana tafiya yana jan layi. A shekarar 2007 kuma jami'ar MIT ta fito da Scratch, wadda yara ke aiki da ita kyauta a ƙasashe da yawa. A cikinta umarni kamar tubali yake, kana ɗora wannan bisa wancan.

In ka buɗe Scratch za ka ga wata kyanwa tsaye a tsakiyar fili. Faɗin filin taki 480 ne, tsayinsa 360. Sai ka shirya mata umarni uku: ta yi taki 10, ta sake launi kaɗan, in ta taɓa gefe ta juyo. Sa'an nan ka rufe su da umarni na huɗu, wato ta yi ta maimaitawa. Nan da nan za ka ga kyanwa tana kai da kawowa, tana rikiɗa launi-launi kamar hawainiya.

Ga wani kuma wanda ya fi wannan kyau. Ba kyanwa alƙalami, ka ce ta yi taki 100, ta juya dama digiri 90, ta maimaita sau 4. Ta zana murabba'i ke nan. Yanzu ce mata duk sa'ad da ta gama murabba'i ɗaya ta juya digiri 10, ta sake launin alƙalami, ta soma wani, har sau 36. Da yake 36 sau 10 shi ne 360, wato kewaye cikakke, murabba'an za su zagayo su haɗu, su zama fure mai launi iri-iri, yana buɗewa a gaban idonka.

Sai dai ku lura. Kadan ka rubuta 80 a maimakon 90, murabba'in ba zai rufe ba, furen ya fito a karkace. Kwamfuta ba za ta ce, "Halama 90 yake nufi" ba. Abin da ka faɗa shi za ta yi. Saboda haka in zane ya ɓaci, kada ka yi fushi ka bari. Koma ka bi umarninka ɗaya bayan ɗaya har ka gano inda ka kauce. Manyan gwanaye ma haka suke yi kullum.

Wanda makarantarsu ba ta da kwamfuta, shi ma yana iya somawa yau. Sami tsohon littafin rubutu, ka zana ƙwallo a kusurwar kowane shafi, kowace ta ɗara ta baya tsawo kaɗan, sa'an nan ka saki shafukan da babban yatsa. Za ka ga ƙwallo ta tashi sama. Ko kuwa ku fita fili, ɗaya ya zama kyanwa yana jan kara a ƙasa, ɗaya yana ba shi umarni, kada ya yi kome sai abin da aka ce.

Kun ga dai, yara, masu kallon hoto suna da yawa, masu yinsa ne kaɗan. Kayan aikinsu kuwa su ne ƙidaya, da awo, da haƙuri, waɗanda kuke koyo a aji kowace safiya. Ku riƙe su da kyau.