Hoto mai zurfi: yadda ake ɗaura shi da yadda ake haska shi

Kalmar faransanci « stéréoscopie » daga girkanci ta fito: stereos, abu mai jiki, da skopein, dubawa. A nan za mu ce « hoto mai zurfi », don zurfin ne mai kallo yake fara lura da shi. Na'urar haskawa kuwa tana da suna tuni, watau majigi, wanda Hausa ta aro daga ingilishi tun zamanin Turawa.

Tsakanin idanun mutum akwai kamar milimita 65, saboda haka kowane ido da irin ganinsa. Ƙwaƙwalwa ce take haɗa gani biyun ta fitar da nesa da kusa. Charles Wheatstone ya bayyana wannan a Ingila a 1838. Kamara mai ido biyu kwaikwayon haka take yi. Stereo Realist, wadda ta fito a Amurka a 1947, tana ɗaukar tagwayen hotuna masu milimita 23 bisa 24 a kan fim ɗin milimita 35, ana sa su cikin gidan kwali ko na ƙarfe mai milimita 41 bisa 101.

Wurin ɗaurawa nan aikin yake. Sai an yanka fim an kai kowane hoto tagarsa: na hagu ga idon hagu, na dama ga na dama. In aka musanya su, zurfi ya juye, tudu ya koma rami. Kuskuren da ya fi wannan ciwo shi ne hoto ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa ta sama, ko ya ɗan karkace, domin idanu ba su saba ɗaya ya dubi sama ɗaya ƙasa ba. A ƴar na'urar kallo ta hannu, ido yakan haƙura. Majigi kuwa ba ya rufa asiri: hoto mai faɗin milimita 23 in ya cika allo na mita ɗaya da rabi, ya ƙaru sau 65 ke nan, kuskuren milimita guda ya zama santimita 6 da rabi. Lissafin nan ya shafi tazarar gefe ma. Abin da ke can nesa, kada surorinsa biyu su rabu a allo fiye da tazarar idanu. In sun wuce, sai idanu su nemi buɗewa waje, ciwon kai ya biyo.

Wajen haskawa, ana ɗora hotunan biyu kan allo guda, da majigi biyu ko ɗaya mai ido biyu. Gaban kowane ido ana sa matatar haske irin ta Polaroid, wadda take barin hasken da ke kaɗawa ta fuska guda kaɗai. Matatun biyu gicciye suke da juna, haka ma na tabarau ɗin masu kallo, don kowane ido ya ga nasa hoton kawai. Allon dole ya zama mai shafen alminiyom. Farin bango ko zane yana wargaza tsarin hasken, sai kowane ido ya ga hotuna biyu a cakuɗe. Mai kallo kuma ya riƙe kansa tsaye, don in ya karkata shi, inuwar ɗaya hoton takan ɓullo.