2.2 Rawar Yaƙi a Wasu Al'ummomin Duniya

Idan aka ce rawar yaƙi, ana nufin rawar da mazaje kan yi ɗauke da makamai ko suna kwaikwayon faɗa, kafin a tafi fagen fama ko bayan an dawo. Kafin a shiga bayanin rawar 'yan tauri a ƙasar Hausa, ya kyautu a waiwayi yadda wannan al'ada take a wasu sassan duniya, domin a gane cewa ba Bahaushe kaɗai ya san ta ba.

2.2.1 Girkawan Dauri

Mutanen Girka na zamanin da suna da wata rawa mai suna Firiki, wadda ake yi da garkuwa da mashi, ana bin sautin sarewa. A birnin Sparta tun yaro yana ƙarami ake koya masa ita a matsayin horon soja. Masanin falsafar nan Aflatun ya bayyana cewa mai rawar yana kwaikwayon yadda ake kauce wa sara da kibiya ta hanyar goce wa, da tsalle, da durƙusawa, sannan kuma ya kwaikwayi kai hari. Ke nan a wurinsu rawar makaranta ce ta koyon yaƙi.

2.2.2 Mawori na Niyuzilan

Al'ummar Mawori suna da rawar da suke kira Haka. Masu yin ta kan jeru sahu-sahu suna buga ƙafa a ƙasa, suna marin cinya da ƙirji, suna zare ido da fito da harshe, jagora na bayarwa sauran na amsawa. Nau'in da ake yi da makamai gab da yaƙi shi ake kira Feruferu, kuma manufarsa ita ce a razana abokan gaba. Hakar da ta fi shahara ita ce Ka Mate, wadda wani shugaban ƙabilar Ngati Towa mai suna Te Rauparaha ya ƙirƙira wajen shekarar 1820, bayan ya tsira daga maƙiyansa ta hanyar ɓuya a ramin ajiyar dankali. Ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta ƙasar ce ta yaɗa ta a duniya. Ganin yadda 'yan kasuwa ke amfani da ita a tallace-tallace, sai a shekarar 2014 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta wajabta a riƙa ambaton wanda ya ƙirƙire ta da ƙabilarsa.

2.2.3 Larabawan Najadu

A Saudiyya akwai rawar Arda. Maza kan tsaya sahu biyu suna fuskantar juna, kafaɗa da kafaɗa, riƙe da takubba, makaɗa na tsakiya, mawaƙi na rera baitoci ana amsa masa. A da, ana yin ta ne don a nuna yawan mayaƙa da makamansu kafin a fita. A yau kuwa ta koma rawar bukukuwa da tarbar manyan baƙi, har sarakuna kan shiga ciki. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2015.

2.2.4 Kafowera ta Barazil

Wannan ta sha bamban da sauran, domin ba a fagen yaƙi aka haife ta ba. Bayin da aka kwasa daga Afirka, musamman yankin Angola da Kongo, da zuriyarsu ne suka raya ta. Mutum biyu kan shiga tsakiyar da'ira suna kai wa juna shuri da taɗiya, ana kaɗa musu wani abin kiɗa mai siffar baka da tsirkiya ɗaya. Shekara biyu bayan hana bauta a 1888, dokar ƙasar ta 1890 ta haramta ta, aka riƙa ɗaure masu yi. Duk da haka ba ta mutu ba. A 1932 wani gwani da ake kira Mestre Bimba ya buɗe makarantar koyar da ita a birnin Salbado, kuma a 2014 UNESCO ta karɓe ta.

2.2.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa rawar yaƙi tana da manufofi uku: horar da jiki, da tsorata abokan gaba, da cusa wa mayaƙa jaruntaka da haɗin kai. Haka nan an ga cewa gushewar yaƙin takobi da mashi bai kashe ta ba, sai dai ya canza mata aiki, ta koma alamar da al'umma ke nuna asalinta da ita. Irin wannan sauyi ne ya sami kirarin mazaje da wasan 'yan tauri a ƙasar Hausa tun bayan zuwan Turawa a 1903, inda suka tashi daga fagen daga suka koma filin hawan salla da naɗin sarauta. Abin tambaya shi ne, me ya rage na ma'anar rawar idan masu kallo ba su san dalilin kafuwarta ba? Wannan ne babi na uku zai duba.