Mario Molina: Masanin da ya gano haɗarin iskar firji

A shekarar 1974 ne Mario Molina, masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Meziko, da abokin aikinsa Sherwood Rowland, suka wallafa wani bincike a mujallar Nature wanda ya tayar da hankalin masu masana'antu.

Sun bayyana cewa iskar CFC da ake amfani da ita a wancan lokacin a firji da gwangwanayen feshi ba ta lalacewa a nan ƙasa. Takan yi sama a hankali har inda hasken rana ke farfasa ta, sinadarin kulorin ya fito ya riƙa cinye ozon, wato iskar da ke yi wa halittu garkuwa daga hasken da ke haddasa sankarar fata.

Kamfanoni dai sun yi ta musantawa, har masanan Birtaniya suka tabbatar a 1985 cewa garkuwar ta zaizaye ƙwarai a saman yankin Antatika. A 1987 ƙasashe suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Montreal ta taƙaita iskar, wadda ita ma tana ɗumama duniya.

Molina ya sami lambar yabo ta Nobel a 1995. Daga bisani ya duƙufa kan sauyin yanayi da gurɓacewar iska a birnin Meziko, inda ya rasu a 2020.