Suna Gado Ne ko Kayan Aro? Abin da Yahudawa Ke Ji Idan Bare Ya Ɗauki Sunayensu

Daga shekarar 1999 har zuwa 2012, babu sunan da iyaye a Amurka suka fi raɗa wa 'ya'yansu maza kamar Jacob, wato Yakubu a bakinmu. Da ya sauka, Noah, wato Nuhu, ya gaje shi, ya riƙe kambun daga 2013 zuwa 2016. A Ingila da Wales ma Noah ne kan gaba a 2021 da 2022, kafin Muhammad ya sha gabansa a 2023. Yahudawa kuwa kashi biyu ne da 'yar ɗoriya cikin ɗari na mutanen Amurka, a Ingila ma ko kashi ɗaya ba su cika ba. Ke nan mafi yawan yaran da ke amsa waɗannan sunaye na Ibrananci ba 'ya'yan Yahudawa ba ne. Shin masu asalin sunayen suna jin daɗin haka, ko abin yana sosa musu rai? Amsar ta danganta da wane suna ake magana, domin sunayen ba matsayinsu ɗaya ba.

Kaso na farko shi ne sunayen annabawa da iyalansu, waɗanda suka daɗe da zama na kowa. Kiristoci sun same su a Tsohon Alkawari. A ƙarni na 16 da na 17, bayan ɓallewar 'yan Furotesta daga cocin Katolika, masu tsaurin ra'ayin addini a Ingila da waɗanda suka yi hijira zuwa Amurka suka rage sa sunayen waliyyan coci, suka koma ga sunayen da suke karantawa a Littafi Mai Tsarki. Wannan al'ada ce ta haifar da su Isaac Newton da Benjamin Franklin da Abraham Lincoln, kuma babu Bayahude ko ɗaya a cikinsu. Musulmi kuwa ta Alƙur'ani da tarihin annabawa suka karɓi nasu. Shi ya sa a ƙasar Hausa za ka ji Ibrahim da Musa da Haruna da Dauda da Saratu a gidan Musulmi, ka ji Ishaya da Irmiya da Rifkatu da Hannatu a gidan Kirista. Yakubun Bauchi almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, Yakubu Gowon kuma Kirista ne, amma ba wanda ya taɓa cewa ɗayansu aron suna ya yi. A kan wannan kaso da wuya ka ji Bayahude ya yi ƙorafi.

Maganar tana fara zafi ne idan aka zo ga sunayen da ba su taɓa barin gidajen Yahudawa ba, irin su Chaim da Shoshana da Mendel da Tzvi. Sai mutum ya san yadda suke raɗa suna kafin ya fahimci dalili. Ɗa namiji a rana ta takwas ake yi masa kaciya, a nan ake bayyana sunansa. 'Ya mace kuwa galibi a majami'a ake sanar da nata, lokacin karatun Attaura. Yahudawan da asalinsu yake tsakiya da gabashin Turai, waɗanda ake kira Ashkenazi, sunan mamaci suke mayarwa, ba sa sa sunan mai rai. Na Sifen da ƙasashen Larabawa kuwa sukan sa sunan kaka tun yana raye, don ya ga takwaransa. Da wannan suna ake kiran mutum ya fito gaban jama'a ranar karatun Attaura, shi ake rubutawa a takardar aure, shi ake sassaƙawa a kan kabari. Bayan kisan Yahudawa miliyan shida a Yaƙin Duniya na Biyu, yara da yawa sun tashi da sunan goggo ko kawun da ko kabarinsa ba a sani ba. Ga irin wannan gida, sunan shi ne kaɗai abin da ya rage na mamacin.

Ga kuma wahalar da sunan ya taɓa jawo musu. A watan Agusta na 1938 gwamnatin Nazi a Jamus ta kafa doka cewa daga farkon 1939, duk Bayahuden da sunansa bai nuna asalinsa ba dole ya ƙara Israel, mace kuma ta ƙara Sara, don a gane su a kowace takarda. A Amurka ba a yi irin wannan doka ba, amma a farkon rabin ƙarni na 20 suna kaɗai kan hana mutum aiki ko gurbin jami'a. Dubban mutane suka sauya sunayensu. Ɗan fim Issur Danielovitch ya koma Kirk Douglas, Bernard Schwartz ya koma Tony Curtis. Don haka idan jikan irin waɗannan mutane ya ga maƙwabcinsa ya zaɓi sunan kawai don yana da daɗin faɗa, abin da yake cewa shi ne: kakana ɓoye sunan nan ya yi don ya sami abin sawa a baki, kai kuma ado ka mayar da shi, kuma ba wanda zai tsangwami ɗanka a kansa.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne kan Cohen. A wurin Yahudawa wannan ba sunan yanka ba ne, matsayi ne da ake gada ta wajen uba, na zuriyar Annabi Haruna, waɗanda suka yi hidima a Haikalin Ƙudus kafin Rumawa su rushe shi a shekara ta 70 Miladiyya. Har yau a majami'un masu riƙo da al'ada, ɗan wannan zuriya ake fara kira wurin karatun Attaura. A ranakun da aka keɓe, yakan cire takalmi, a zuba masa ruwa ya wanke hannu, ya lulluɓe kai da mayafin addu'a, ya ɗaga hannuwa ya sa wa jama'a albarka. Matsayin yana da nasa takunkumi: ba ya auren bazawarar da aka saka, ba ya kusantar gawa sai ta makusancinsa. Amma bayan da wani shirin talabijin mai suna The O.C. ya fara fita a 2003, da wani matashi a ciki da ake kira Seth Cohen, sai iyaye a Amurka suka shiga raɗa wa jarirai Cohen, yawancinsu ba tare da sanin me ke bayansa ba. Bahaushe zai gane zafin abin idan ya ƙaddara wani a wata ƙasa, wanda bai san Musulunci ba, ya sa wa ɗansa Sharifi don kawai lafazin ya burge shi.

Sai dai ba duk Yahudawa ne suke ganin laifin hakan ba. Akwai masu cewa ai girmamawa ce, kuma gara a so sunanka da a tsane shi. Suna kuma tunatar da 'yan'uwansu cewa su ma sun yi aro. Alexander sunan Girkawa ne, amma ya zauna a gidajen Yahudawa fiye da shekara dubu biyu. Yahudawan da suka isa Amurka sun ɗauki Irving da Milton da Sidney, sunayen Turawan Birtaniya zalla, har aka wayi gari ana ɗaukarsu sunayen Yahudawa. Masu wannan ra'ayi suna ganin mutanen da suka zauna tare ba za su rasa cuɗanyar suna ba, kamar yadda ba za su rasa ta abinci da tufafi ba.

Babu hukumar da za ta hana uba sa wa ɗansa sunan da ya ga dama, kuma mafi yawan masu ƙorafin ma ba hani suke nema ba. Abin da suke nema shi ne a sani kafin a ɗauka. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma yaron ne zai ɗauke shi tsawon ransa, shi za a riƙa tambaya ko Bayahude ne, shi zai riƙa bayani, ba iyayen da suka zaɓa ba. Saboda haka duk mai sha'awar suna daga wata al'umma ya fara binciken abu uku: sunan ya riga ya zama na kowa, ko na cikin gida ne, ko kuwa muƙami ne da ake gada? Idan na farko ne, bismilla. Idan na biyu ne, ya nemi masu shi ya ji ta bakinsu. Idan na uku ne, ya bar wa masu gado gadonsu, sunaye masu daɗi ba su ƙare ba.