Ranar da ɗan saƙon intanet ya kawo labarin da ba haka yake ba

Ma'aikatu da bankuna da yawa suna da gidajensu a intanet, inda jama'a ke neman takardu ko biyan kuɗi. Tun da ba a iya ɗaukar ma'aikaci ya zauna dare da rana yana duba ko ƙofa na buɗe, sai masana su rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa wani gajeren umurni. Aikinsa irin na ɗan saƙo ne: lokaci lokaci ya je ya yi sallama, ya komo da amsa. Amsar kuwa lamba ce. 200 na nufin lafiya lau, 404 ba a samu abin da aka nema ba, 503 gidan ba ya iya sauraren kowa yanzu.

Ran 30 ga watan Satumba 2021, a ƙasashe da dama, irin waɗannan ƴan saƙo suka komo da labarin gidaje sun rufe, alhali duk wanda ya duba da wayarsa yana tarar da su a buɗe.

Ga mafarin abin. Kafin ɗan saƙo ya shiga gida mai tsaro, sai ya nemi a nuna masa takardar shaida mai hatimi. Hukumar Let's Encrypt, wadda ke ba da irin takardun nan kyauta tun 2015, ta dogara da wani tsohon hatimi mai suna DST Root CA X3, kuma a ranar nan wa'adinsa ya cika. An riga an tanadi sabo, ISRG Root X1. Na'urorin zamani suka karɓe shi ba gardama. Amma masu aiki da OpenSSL 1.0.2 suka nace wa tsohon, suka ga ya mutu, suka juya tun daga bakin ƙofa.

Wahalar mai gyara ita ce, umurnin da aka rubuta da gaggawa kalma biyu kaɗai ya sani: a buɗe, a rufe. Tsinkewar layi, da jinkirin amsa, da mutuwar hatimi, duka suna fitowa da suna ɗaya. Saboda haka matakin farko shi ne a sa shi ya faɗi dalili. Da an yi haka, laifin ya fito fili cikin layi guda.

Akwai gajeriyar hanya mai jan hankalin wanda shugabansa ke tsaye a kansa: a umurci ɗan saƙo ya daina neman takardar shaida. Ƙararrawa za ta yi shiru, gaskiya ne, amma daga ranar nan ko ɗan damfara ne ya amsa sallama, za a rubuta lafiya lau. Gyaran ƙwarai shi ne a cire mataccen hatimin daga jerin waɗanda na'urar ta amince da su, ko kuma a sabunta OpenSSL, wanda masu shi suka daina kula da samfurin 1.0.2 kyauta tun ƙarshen 2019.